Gorar da Gwaggo Yelwa ta Bari

"Kai ka jawo mana, Barau! Kai da ciwon ƙaryarka!"

Safara'u ce ke magana ƙasa-ƙasa ta jikin danga, idanunta sun kumbura saboda kuka. Ranar ce sadakar ukun Gwaggo Yelwa.

"Haba abar ƙaunata... me kuma na yi?"

"Baba ya ce ba zai ba ka ni ba! Wai in na aure ka, jinya zan tafi, ba aure ba."

Barau ya dafe kai. Ƙato ne fa, mai safarar kanwa daga Maigatari, shi kaɗai yake ɗora wa jakinsa kaya. Amma duk Ɗanzomo an san shi da laulayi, kuma shi ya saya wa kansa wannan suna.

Gwaggo Yelwa, yayar mahaifin Safara'u, ita ce ungozomar garin kuma mai jinyar mutanensa. Rabin mutanen Ɗanzomo ita ta yanke musu cibiya. Shekarar annobar marisuwa, da kowa ke gudun kowa, ita ta riƙa bi gida-gida da kunu da jiƙo, tana zazzaga wa majinyata faɗa har su miƙe don kunya. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙe Safara'u, ta kuma kafa doka: namiji ba ya shiga gidanta sai mara lafiya.

Shi ke nan sai Barau ya fara ciwo. Yau ciki, gobe haƙarƙari, jibi jiri. Kullum Gwaggo ta cika masa ƙoƙo da jiƙon maɗaci, Safara'u ta miƙa, ya shanye yana hawaye yana satar kallonta.

Safara'u ta koma ciki zuciyarta a dagule. Ga rashin uwa, ga rashin masoyi. Ta tarar mahaifinta, Malam Ilu, ya shigo yi wa mata godiya, Iya Kande aminiyar marigayiya ta tare shi.

"Ilu, na ji wai ka kori yaron nan?"

"Iya, yaron da ba ya mako bai kwanta ba?"

Tsohuwar ta tuntsire da dariya, har da hawaye.

"Wa ya yi wa Yelwa jinkar ɗaki?"

"Barau..."

"Wa ya yashe rijiyarta? Wa yake faskara mata itace?"

Iya Kande ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba:

"Ce masa take gumi ne cikon magani! Tun ranar farko ta gane shi. Ya zo yana riƙe da ciki, da ya hango Safara'u sai ya manta ya koma ɗingishi!"

Mata suka fashe da dariya. Safara'u ta rufe fuska da mayafi.

"Ta ce mini, 'Kande, bari in ga inda ɗaci zai kore shi.' Damina biyu bai gudu ba. Da ita kuma ta kwanta ciwon gaske, wa ya goyo ta daga gona?"

Iya Kande ta jawo wata 'yar gora daga ƙarƙashin zanenta.

"Ta ce wannan maganinsa ne na ƙarshe. A kira shi."

Aka kira Barau zaure. Da ya ga gorar, sai da ya ja da baya. Safara'u ta tsiyaya a ƙoƙo, ba ta ko iya kallon abin da take zubawa.

"Daure, Barau..." ta raɗa masa. "Don ni."

Ya runtse ido, ya yamutsa fuska tun kafin ya kai baki, ya kurɓa. Sai ya tsaya cak.

"Safara'u..." ya buɗe ido. "Zuma ce!"

Ta dangwala yatsa ta lasa. Sai ta durƙushe tana kuka tana dariya, tana kiran sunan Gwaggo.

"Ta ce in ya sha," in ji Iya Kande, "a faɗa masa ya warke."

Malam Ilu ya juya baya, ya daɗe yana goge ido da hannun riga.

"To, tunda Yaya ta sallame ka, ni wane ne? Turo manyanka. Amma wallahi na ƙara jin ka yi ko da tari ne, da hannuna zan jiƙa maka maɗacin!"