Sunan Murja a Cikin Fom

Ku matso, ku rage murya.

Zuwaira da Murja tebur ɗaya ya raba su a ofis. Kowacce an ba ta aikin haɗa fom ɗin shigar da sunayen ma'aikata cikin rumbun bayanai. Oga ya ce wadda nata ya yi daidai ranar Litinin ita za a riƙe a aiki.

Na Murja lafiya lau. Na Zuwaira kuwa, da ta cika shi da sunan gwaji ta danna, sai manhajar ta rufe kanta ɗif. Sau goma sha ɗaya tana rubuta matsalar a littafi, ba ta gano dalili ba.

"Yaya Zuwaira, ko in duba miki?" in ji Murja.

"Duba naki, gwana."

Ranar Juma'a da tsakar rana maza suka tafi masallaci, Murja ta fita cin abinci. Zuwaira ta zauna ita kaɗai.

Fanka ta tsaya. Wuta kuwa ba a ɗauke ba.

Wata dattijuwa ce zaune a kujerar Murja. Ba a ji buɗe ƙofa ba. Bakinta na motsi a gaba, muryar na fitowa ta bayan kunnen Zuwaira.

"'Yata, sunayen ƙarya kike zubawa."

"Haka ake gwaji, Baba. In an gama a goge."

"Wannan ɗakin ba ya karɓar sunan da ba mai shi. Sa na mai rai."

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Ƙarƙashin zanen tsohuwar ba ƙafa, sai inuwa.

Da ta so, da ta sa nata sunan. Sai idonta ya faɗa kan takardar yabo da oga ya manna a teburin Murja. Ta rubuta Murjanatu Sale, da garinsu, da ranar haihuwarta. Ta danna.

Fom ya karɓa shiru.

"To, goge, kamar yadda kuka saba," in ji muryar.

Zuwaira ta goge.

Fanka ta ci gaba da juyawa. Kujera ba kowa.

Murja ba ta dawo daga cin abinci ba. Ranar Litinin oga ya gwada fom ɗin Zuwaira, ya yi ta sa albarka.

"Ranka ya daɗe, Murja fa?" in ji Zuwaira.

"Wace Murja?"

Zuwaira ta je gidan su Murja. Uwar Murja ta tarbe ta da ruwa, ta ce ita 'ya'ya maza kawai Allah ya ba ta.

Har yau manhajar ba ta sake rufewa ba. Amma kullum da azahar Zuwaira na sake rubuta sunan Murja, ko za a dawo da ita, fom ɗin yana ƙin karɓa.

Don haka kada ɗayanku ya zauna ofis shi kaɗai ana sallar Juma'a. In kuma za ku yi gwaji, ku bar sunan mai rai.