Sunan da Baba Disfensa Ya Nema

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka kai rahoto caji ofis na Haɗeja: an ɗauke kwamfutar wata mai bincike a ƙaramin asibiti kusa da Auyo. Sufeto Rilwanu Haris ya hau babur. A fadamar yankin nan ya koyi iyo, a nan kuma ya kwaso tsargiya yana ɗan aji uku. Hanyar duk ta cika shi da kewa.

Ya tarar da Shamsiyya, mai kwamfutar, idonta ya yi ja.

"Me ke ciki?"

"Aikin wata huɗu, Yallaɓai. Kalmomin neman rubuce-rubucen likitoci kan maganin tsargiya, firazikwantal. Sunansa na asali, sunayen kasuwa, har yadda ake kuskuren rubuta shi, na jera da OR, wato 'ko', a tsakani, na ɗaure su da sunayen cutar da AND, wato 'da'. Juma'a zan miƙa. In ban miƙa ba, na rasa shekara."

Ba a ɓalle ƙofa ba. Mutum biyu ke da mabuɗi: maigadi Adam, da tsohon da ke taya ta fassara, wanda kowa ke kira Baba Disfensa.

Adam ya rantse bai bar bakin ƙofa ba. Da aka matsa, ya ce to, ya ɗan leƙa zaman makoki.

Baba kuwa dariya ya yi. "Ni da kwamfuta, ɗana? Ko rediyo sai an kamo min tasha." Bai gane Sufeto ba. Sufeto kuwa ya gane hannun nan sarai, tun yana yaro ya san shi.

Bayan azahar Shamsiyya ta shiga rumbun binciken likitoci na intanet ta wayarta, ta ƙwala kira. Wani ya yi nema da asusunta jiya da la'asar. Layi uku ne: "tsargiya", "Ambilha Auyo 1979", "M. Fannami".

"Wa zai nemi cuta da Hausa a rumbun Turanci? Kuma mene ne Ambilha?"

"Ƙwaya ce rawaya," in ji Sufeto. "Kafin a haife ki aka daina ba da ita. Na sha, har yau ina jin ɗacinta."

Ya sami Baba a zaurensa.

"Baba Modu Fannami. Haka ka sa hannu a katina na asibiti."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya janyo jakar kwamfutar daga ƙarƙashin buzu.

"Shamsiyya ta ce min duk aikin da aka taɓa yi yana ciki. Shekara biyu na bi wasu likitoci Turawa a kwalekwale, ƙauye-ƙauye, ina tattara fitsarin yara, ina ba da magani. Suka ce za su rubuta. Na ji kunyar in ce wa sa'ar 'yar cikina ta nemo min sunana. Da na zo mayarwa, sai na ga an kira 'yan sanda."

"Me ka samu?"

"Takardar da suka rubuta tana nan. Sunan Auyo yana nan, har adadin kwalaben. Da na sa sunana, sai ta ce sifili."

Da aka kai wa Shamsiyya kwamfutar ta buɗe, jerinta na nan cif. Ta ce ta janye ƙara, amma dole a je ofis a rubuta jawabi. Sufeto ya ɗora Baba a bayan babur, ya tafi a hankali.

A ofis ya karɓe biro daga hannun kofur.

"Cikakken suna, Baba. Faɗa a hankali, kada in bar ko harafi ɗaya."