Kwana Casa'in Ba Giɓi

"Wa ya kashe ta?"

Dakta ta tsaya cak a ƙofar ofishinta, tana kallon kwamfutar da shekara biyar ba ta taɓa yin duhu ba.

Mataimakin shugaban sashe ya juyo a kan kujerarta yana murmushi.

"Kwana sha ɗaya ke nan, tun kina wurin taro. Tallafi ya ƙare, ƙanwata. Abokan aikinki na waje sun tattara nasu ya nasu."

Aikin na jami'o'i uku ne, tasu da biyu na ƙetare. Na'urori sha biyu a makarantun karkara suna auna ruwan sama suna turo wa kwamfutar nan, manoma na samun saƙon lokacin shuka. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: in awo ya ci gaba kwana casa'in bayan tallafi ba giɓin ko rana guda, jami'a za ta mai da shi cibiya ta dindindin da ma'aikatanta. In an sami giɓi, a kwashe komai.

Saura kwana huɗu.

"Da kin amsa maganata tun bara, da ba a kai nan ba," ya ce a hankali. "Amma kin nace sai mai gyaran waya."

Sai da ta shiga ɗakin gyara sannan hawayen suka ƙwace mata.

"Injiniya... an gama da mu. Ka san abin da Abba ya ce, ba zai ba da 'yarsa ga wanda aikinsa ke da ranar mutuwa ba."

Ya ajiye filaya, ya miƙa mata hankici.

"Share idonki, rabin raina. Kin tuna takardar gargaɗin da kika rubuta min?"

"Wacce daga ciki?"

"Ta farko. Wai ina ɓata lokacin aiki wajen hira da malaman makaranta."

"Ai gaskiya na faɗa."

"Ba hira ba ce. Gefen kowace na'ura na kafa mazurari da kwalbar awo, na koya wa malami guda ya duba ƙarfe bakwai na safe ya rubuta. Ni ke gyara na'urorin nan, na san halinsu."

Ta zuba masa ido...

"Shekara biyar ba ka faɗa min ba?"

"Ina tsoron gargaɗi na biyu."

Yayanta ne ya tuƙa su zuwa makarantun, fuska a ɗaure, yana leƙen Injiniya ta madubi kamar wanda ya kama ɓarawo. Kwana uku suna kan hanya. Littafi sha ɗaya suka karɓo, wani ya sha jan ƙasa, wani ɗan akuya ya ɗanɗana gefensa, amma ba ranar da aka tsallake.

A makaranta ta ƙarshe aka ce malamar ta haihu.

Suka same ta a gida, jaririya a kafaɗa. Shafi na ƙarshe na littafinta, kwana uku fari fat.

"Ku yi haƙuri, ina asibiti," in ji malamar. "Amma ku tambayi surukata."

Tsohuwar ta ja su bakin taga. Kwalabe uku a jere, kowace an toshe bakinta tam.

"Ni ban iya rubutu ba, 'yata. Sai na juye ruwan kowace safiya daban. Wannan na ranar naƙuda, wannan na washegari, wannan na ranar da aka sallamo su. Yaron nan ya ce ko ɗigo kar a zubar."

Nan Injiniya ya durƙusa ya auna. Yaya ya juya baya yana gyaran murya.

A zauren majalisar jami'a, Mataimaki ya miƙe yana kaɗa littafi da yatsa biyu.

"Rubutun hannu ba kimiyya ba ne."

"To a gwada," in ji Dakta. Ta haska awon na'ura na shekara biyar a allo, ta ɗora na malamai a kai. Layukan suka hau juna kamar tagwaye.

Farfesar ƙetare, da ke kallo ta bidiyo, ta cire tabarau.

"Mu namu tashoshin sun mutu wata guda bayan tallafi. Ku aiko mana mutumin nan ya koya mana."

Da aka zo ƙuri'a, hannaye suka tashi. Na Mataimaki ne kawai ya maƙale a aljihu.

Ranar da Injiniya ya kai takardar aikinsa ta dindindin, Abba ko buɗe ta bai yi ba.

"Yayanta ya ba ni labarin kwalabe, sau huɗu. Wanda tsohuwar da ba ta haɗa komai da shi ba ta riƙe wa amana haka, ni ma zan iya ba shi tawa. Turo manyanka."

Sai ya waiga wajen ƙofa.

"Ke kuma Dakta, ƙafafunki sun leƙo ta ƙasan labule. Je ki ce wa mamanki ta fara shiri."