Ɗigon Jan Farce a Gindin Harsashi

Ƙyashi ciwo ne da ba ya jin magani, kuma mai shi yakan fara cin amanar wanda ya buɗe masa ƙofa. Ga abin da ya faru a unguwar Whalley Range, a shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu har aka rufe rabin ofisoshin 'yan sanda.

Ranar Litinin da hantsi Insfekta Ja'afaru ya hau bas zuwa gidan Baba Davou, don motar ofis ɗaya ta rage kuma an fita da ita. Davou tsohon injiniya ne, mutumin Jos, ɗan kulob ɗin masu harbin allo daga yadi dubu. Ba ya sayen harsashin gasa, da hannunsa yake haɗawa bisa lasisi, a cikin kwansunan da ya riga ya harba. Shekara huɗu ya yi yana auna albarushi a ɗan sikeli, yana gwaji, yana rubutawa, kafin ya dace da haɗin da bindigarsa ke so. Yanzu akwati guda mai harsashi hamsin ya ɓace daga kabad ɗin ƙarfe. In ba a gano shi ba, lasisin tsohon ya tafi.

Ja'afaru ya duba kabad. Ba a fasa ba. Bindiga na nan, harsasan kanti na nan, na gasa kaɗai aka ɗauka. Ya ce a ransa, ɓarawon titi ba ya zaɓe. Da ɗan gari akan ci gari.

"Baba, wa ke shiga ɗakin nan?"

"Babu kowa, Insfekta. Ni kaɗai."

Idon Ja'afaru ya sauka kan wata darduma a naɗe bayan ƙofa, ga kuma Littafi Mai Tsarki a kan tebur.

"A coci aka fara ba ku darduma?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Matarsa Rhoda ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce ita ta saye ta domin Sunusi, akanta a Birmingham, abokin harbin maigida. In ya zo lokacin salla ya yi, nan suke shimfiɗa masa su ja ƙofa, ran Asabar ma haka aka yi. Makullin kabad kuwa yana nan ɗakin, cikin tsohon takalmi a saman shelf.

Davou ya ce shekara goma sha biyu suna tare, ba zai kai ƙarar ɗan'uwa ba. Amma da aka matsa, ya yarda Sunusi ya sha roƙonsa ma'aunin haɗin, shi kuma yana hana shi.

"Ba rowa ba ce. Kowace bindiga da abincinta. Kwanson da aka harba a tawa ya riga ya ɗauki siffar cikinta, a wata sai ya cije."

"Yaya zan gane naka?"

Rhoda ta ɗaga kwalbar jan farcenta. "Duk wanda ya gama aunawa sai ya ɗiga masa a gindi. Ya ƙarar min da kwalba uku."

Washegari Ja'afaru ya shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ya ɗauki jami'in duba makamai na can, suka isa gidan Sunusi a unguwar Sparkhill bayan azahar. Sunusi ya tarbe su da fara'a, hannun damansa naɗe da bandeji. Ya ce ƙofar mota ce, likita ma ya gani. Harsashin Baba kuwa, ko kallo bai ishe shi ba.

"To, Alhaji, a buɗe mana kabad."

Jami'in ya ɗauko bindiga, ya ja sakatarta, ta ƙi motsi. A jikin mariƙinta ga tabon duka. Sunusi ya ce tsatsa ce.

"Tsatsa a bindigar da ke ƙamshin mai?" in ji Ja'afaru. "Da tafin hannu ka yi ta dukanta, ko?"

Jami'in ya yi dabararsa, sakata ta buɗe, kwanso ya faɗo kan kafet ya gangara har gaban takalmin Ja'afaru. Ya juya shi. Ga ɗigon ja.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sunusi ya zauna, ya nuna inda sauran arba'in da taran suke. Ya ce ranar Lahadi ya gwada ɗaya a filin kulob, shi ke nan.

"Shekara shida ina zuwa na biyu, Insfekta. Tsoho mai tabarau biyu. Sau ɗaya kawai nake so in wuce shi."

"Ran Asabar ɗin, ka dai yi sallar?"

Ja'afaru ya sa wa Sunusi ankwa da kansa.

An ja wa Davou kunne kan makulli, aka bar masa lasisinsa. Sunusi kuwa, harsashi ɗaya ya harba, ko allon bai taɓa ba. A kansa ya rasa lasisi, da bindigogi biyu, da kujerarsa a kulob, da aikin akanta, da gidan da ake ja masa ƙofa ya yi salla. Rhoda ta wanke dardumar ta aika masa ta gidan waya.