Jan Fenti a Kan Tsatsa

Da la'asar sakaliya na shiga garejin gidan ƙanena Auta da jak na ɗaga mota, buroshin ƙarfe, samfefa da gwangwanin jan fenti. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. An gyara gaban motar da ya yi hatsari da ita, matarsa za ta riƙa kai yara makaranta, kuma ta ce gobe makanike zai zo ya duba birki.

Makaniken nan nake gudu. Bara Auta ya roƙe ni in wanke masa kalifa, ƙarfen nan da ke matse faifan birki. Ni sarkin iyawa, ƙyuya ta hana ni kankare tsatsar. Na fesa ja a kanta, har kan ƙusoshin da ya kamata su riƙa zamewa cikin giris. Ya yi ta murna, yana cewa motarsa ta koma sabuwa. Bayan sati uku birki ya cije masa a gangara. Kowa ya ce ƙaddara, ni ma na taya su faɗa, ban ji kunya ba.

Na ɗaga motar, na cire tayar gaba ta dama, na hau goga. Tsatsa na zuba kamar gari. Garejin sai warin fetur da tsohon giris. Haske ya fara ja baya.

Na tsaya in huta. Gugar ba ta tsaya ba.

Ƙar, ƙar, ƙar, daga ɗaya gefen motar. Buroshina kuwa yana hannuna.

Na ce ko ɓera ne. Na zura kai ƙarƙashin motar in leƙa.

Tayar hagu na kwance a ƙasa, alhali ban taɓa ta ba. Kusa da ita wani abu ne a tsugune, ba na ganin fuskarsa. Hannu kawai, dogo, siriri, yana kankare jan fentin da farce.

Addu'ar da na haddace tun ina yaro ta ɓace mini.

“Yaya,” aka ce a hankali. Muryar Auta ce, amma babu numfashi a cikinta. “Ka kankare tukuna.”

Sai na ji jak ya yi ƙara.

Motar tana saukowa. A hankali. Ƙarfe mai sanyi ya taɓa ƙeyata.

Na fizge kaina da ƙarfin tsiya, kunnena ya tsage. Motar ta faɗi, tim, daidai inda wuyana yake.

Matar Auta ta fito da gudu, ta same ni ina rarrafe cikin jini. Ta haska fitilar waya. Babu kowa. Kalifar hagu ce kawai tsirara, ba ɗigon fenti, tsatsa ta cinye ƙusoshinta. An tara ɓawon fentin a gefe, tsaf.

Ta tambaye ni wa ya yi wannan aikin tun farko. Na gaya mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Kai ne ka zauna a gaban tabarma kana karɓar gaisuwa.”

Makanike ya sake kalifa duka huɗun, yara suna zuwa makaranta lafiya. Ni dai tun ranar ba su ƙara zuwa gidana ba. Na san ba Auta ba ne, matacce ba ya dawowa. Abin da ke cina shi ne, ko wane ne wannan, ya fi ni tausayin 'ya'yan ƙanena.