Tawul Huɗu a Kwandon Wanki

Eldrid ta fara ganin ƙafafun Jostein ne kafin fuskarsa. Sun leƙo ta wani rami a silin, takalma cike da garin katako, daidai saman teburin da take zuba miyar kifi. Ta ja tukunyar gefe, ta ce wa mai ƙafafun in miya yake son shiga sai ya bi layi, kifi ne a gaba. Aka janye ƙafafun, fuska ta maye gurbinsu, ta yi ja wur don kunya.

Shi ne kafintan da aka turo ya gyara benen gidan Mjelde, ɗaya daga cikin gidajen katakon nan na bakin tashar jiragen ruwa ta Bergen da suka shekara ɗari uku jingine da juna, kowanne ya karkace ta inda ya ga dama. Ƙasa gidan abinci ne. Sama rumbun busasshen kifi ne tun zamanin kakanni, har yau warin bai bar katakon ba. Mu da muka tashi a layin ba ma jinsa, baƙi ne ke toshe hanci.

Daga ranar, kullum ƙarfe goma Eldrid na hawa bene da kofi da burodi mai kirfa. Wai tausayin ma'aikaci take ji. Kafintoci nawa suka yi aiki a gidan nan, ban taɓa ganin wanda aka tausaya wa haka ba. Kafin wata biyu yana kiranta Gishirina, ita kuma tana kiransa Ɗan Tsibiri, saboda daga can tsibiran arewa ya fito, inda mutum ke wuni bai yi magana goma ba.

Matsalar ita ce mahaifinta, Halvard, mai gidan. Yana ɗan shekara bakwai ya tsaya a bakin ruwa riƙe da hannun uwarsa, ya ga wuta ta cinye rabin layin cikin yini guda. Tun daga nan bai warke ba. Girki sai a ɗakin dutse na bayan gida. Ba ashana, ba kyandir, ba taba. Dokarsa ɗaya ce kuma kowa ya haddace ta: wanda ya kawo wuta gidan nan ba zai sake taka ƙofar ba. Ƙaninsa na ciki ɗaya ya taɓa kunna lofe a matakala, yau shekara ashirin da biyu ke nan ko gaisawa ba sa yi.

To, sai Halvard ya hango laita a aljihun Jostein. Saurayin ya rantse ya bar taba tun bara, har ya miƙa masa laitar. Halvard ya karɓa, amma zancen aure ya ce a bar shi tukuna. Shi wanda yake so daban ne, Preben, jami'in kwana-kwana mai duba gidaje, ɗan gari gaba da baya, gashi a kwance kullum. Sau ɗaya a shekara aikinsa ya ce ya duba gidan Mjelde. Shi sau biyu a wata yake zuwa.

Ranar wata Talata da safe Eldrid ta hau da kofi, Jostein yana can waje kan tsani. Ta yi tuntuɓe da gwangwanin man da yake shafa wa katako, rabinsa ya malale. Kunya ta kama ta. Ta yi abin da duk mai aikin kicin za ta yi, ta ɗauko tawul huɗu ta goge tas, ta dunƙule su ta cusa a kwandon wanki ƙarƙashin matakala. Ba ta gaya wa kowa ba.

Wajen ƙarfe uku tana hayin tasha wurin masu kifi, saƙon Jostein ya shigo wayarta.

"Gishirina, wa ya shanye min rabin mai? Gwangwanin ya yi sauƙi."

"Ni ce, yi haƙuri. Amma na goge, ko ɗigo ba za ka gani ba."

"Da me kika goge?"

"Tawul ɗin kicin."

"Ina suke yanzu?"

"Kwandon wanki, ƙarƙashin matakala. Lafiya?"

Shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Tsohuwar da ke auna mata kifi, wadda mijinta ke gyaran kwale-kwale, ta tambaye ta abin da ya faru. Da ta ji, sai ta ajiye wuƙarta. Ta ce irin wannan man in an dunƙule shi a tsumma, da kansa yake ɗaukar zafi, bayan 'yan awoyi ya kama da wuta ba tare da kowa ya ƙyasta komai ba. Shi ya sa kafintoci ke jefa tsummansu a bokitin ruwa.

"Tun yaushe?" in ji tsohuwar.

"Tun ƙarfe goma."

"Yarinya, gudu."

Eldrid ta bar kifi da jaka ta zagaya tashar a guje. Daga nan hayin ana ganin layin duka, kawunan gidajen ja da rawaya da fari, tana gudu tana duban wanne zai fara hayaƙi. Akwai mutum goma sha wani abu a ɗakin cin abinci. Babanta yana ciki. Matakalar kuwa ita kaɗai ce hanyar sauka daga bene.

Jostein ya tarar da kwandon yana fitar da hayaƙi. Ya rungume shi ya fita ta lungu. Wanda ya san lungunanmu ya san abin da wannan ke nufi: faɗinsu bai wuce hannu biyu ba, bango katako, daɓe katako, baranda a sama katako. Yana tsakiyar lungun iska ta shiga kwandon, wuta ta tashi a ƙirjinsa. Babu inda zai yar. Haka ya ƙarasa sauran taku talatin ɗin, ya ƙetare titi, ya jefa shi a teku. Ina tsaye ƙofar shagona na gani da idona.

Lokacin da Eldrid ta iso, an zaunar da shi a bakin ruwa, hannuwansa biyu cikin bokiti. Preben ya riga ya tsamo guntun tawul ya sansana. Ya ce man katako ne, kuma ko ɗan koyo ya san ba a barinsa a tsumma.

Halvard ya tsaya kan saurayin.

"Man naka ne?"

"Nawa ne, Halvard."

"To ka san dokar."

Eldrid ta buɗe baki. Jostein ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Ta tuna baffanta da ke wucewa ta ƙofarsu yana kau da kai. Ta rufe bakinta, aka tafi da shi asibiti ba ta faɗi gaskiya ba. Ba zan zarge ta ba, amma ita ta zargi kanta iya zargi.

Kwana uku tana yawo a gidan kamar wadda ta ci bashin barci. In babanta ya kira sunanta sai cokali ya suɓuce mata. Ta manta ruwan tsami a miya, abin da ba ta taɓa yi ba, har tsofaffin kwastomomi suka yi ƙorafi. Ranar Alhamis saƙo ya zo, da ɗan yatsa ɗaya da ya tsira aka rubuta shi.

"Kada ki faɗa. Ni ina da tsibirin da zan koma. Ke gidan nan da babanki kawai kike da su. Ina sonki, Gishirina."

Ta karanta ya fi sau ashirin tana kuka a bayan buhunan dankali.

Juma'a da safe Preben ya zo da furanni. Cikin hira ya ambata cewa zai rubuta rahoto, kuma daga shi ba wanda zai sake barin kafintan nan ya taɓa tsohon gini a ƙasar. Ya faɗa ne yana shan kofi, har yana yaba burodin.

Yana fita ta nufi ɗakin dutse. Halvard yana dukan busasshen kifi da guduma kafin a jiƙa. Ta tsaya nesa da shi, a bakin ƙofa.

"Baba, ni ce. Ni na zubar da man, ni na goge, ni na cusa a kwando. Shi bai ma sani ba sai da na gaya masa."

Gudumar ta tsaya. Ya juyo.

"Me ya hana ki faɗa tun ranar?"

"Tsoronka."

"Fiye da wutar?"

"Fiye da wutar, Baba."

Ya zauna kan benci kamar an tura shi. Ta ga tsufansa a ranar, abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Can ya cire atamfar aikinsa, ya ɗauki hularsa, ya ce ta kira Preben ta gaya masa abin da zai rubuta na gaskiya. Shi zai je asibiti.

Ba ta san abin da suka tattauna ba. Da ya dawo la'asar, ya same ta ta haɗa jaka tana zaune a kai.

"Doka doka ce," ya ce. "Kin kawo wuta, sai kin bar gidan nan."

Ta sunkuyar da kai.

"Gidan mutumin da ya ɗauke wutar da hannunsa za ki koma. Na roƙe shi, ya ce zai yi haƙuri ya karɓe ki. Aiki kuwa ƙarfe bakwai kamar kullum, ban sallame ki ba."

Ta faɗa jikinsa, dariya da kuka suka haɗe mata.

A watan Yuni aka ɗaura auren a tsohon cocin dutse da ke bayan layin, ana yayyafi kamar yadda garinmu ya saba. Zobe ya ƙi wuce tabon da ke yatsan ango, sai da amarya ta bi a hankali. Wurin walima aka ci miyar kifi, aka sha ruwan tuffa, sannan Halvard ya miƙe ya riƙe waɗannan hannuwa biyu masu tabo a cikin nasa.

"Shekara hamsin ina gadin katako," ya ce, "ban san na sa 'yata ba ta iya gaya min gaskiya ba. Jostein, ka riƙe ta yadda ba za ta taɓa jin tsoronka ba. Allah ya sanya albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Muka amsa da amin, har da masu gardamar cikinmu.