Ɓarawon Hita Mai Goge Ɗaki

Da hantsi aka bugo waya caji ofis daga ƙauyen Gorna Buka, wai an sace hitar ruwa a gidan Dattijo Anastas. Sufeto Boyan Kurtev ya ajiye kofin gahawarsa ba da son ransa ba. A ƙauyukanmu na kan dutse abin da ake sacewa bai wuce akuya ba, ita ma kafin la'asar takan dawo da ƙafarta. Amma hita mai tsawon mutum, wannan sabon salo ne.

Ya tarar da gidan a hargitse. Anastas, tsoho mai gashin baki kamar tsintsiya, yana tsakar gida yana ta bambami. Matarsa Baba Zlatka tana kan benci tana ɓarar wake, ko kai ba ta ɗago ba. 'Yarsu Rumyana kuwa tana zaune kan akwatin kayanta, idanu jawur.

"Surukina ne, Sufeto," in ji Anastas. "Lyuben. Shi ya kawo ta, shi ya haɗa ta, shi kaɗai ya san yadda ake kwance ta. Ya bayar da hannun dama, ya karɓe da na hagu."

"Ka gan shi da idonka, Baffa?"

"Ina kasuwa jiya da rana, ta ina zan gan shi? Ai halinsa na sani."

Rumyana ta share hanci ta ce, "Na bar masa gidansa tun da safe. In har shi ne, Sufeto, na bar shi ke nan, ko da zai zo biko da fada da duk 'yan coci."

Nan Sufeto ya gane cewa ba hita kaɗai ya zo nema ba, aure ne a hannunsa.

Hitar irin wadda duk gundumar ta koma wa ce, ba ta cin itace, wutar lantarkin da take sha kuma bai taka kara ya karya ba. Anastas ya ƙare ƙuruciyarsa yana faskare saboda tsohuwar tukunyar ruwan zafi. Tun da sabuwar ta zo yake wanka safe da yamma, har ya fara waƙa a banɗaki. Shi ya sa rashinta ya yi masa zafi kamar mutuwa aka yi.

Sufeto ya shiga ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Ba a yanke bututu ko ɗaya ba. An rufe famfo, an kwance komai da sufana, an tsiyaye ruwan, sannan an goge ƙasa tas. A kusurwa tsohuwar tukunyar ta koma mazauninta, wuta na ci a ƙarƙashinta.

"Baba, ke kina ina jiya da rana?"

"Maƙabarta, ɗan nan. Na je cire wa mahaifiyata ciyawa."

"Tun da nake aiki ban taɓa ganin ɓarawon da ya goge ɗaki ba."

"An yi masa tarbiyya ke nan," in ji ta, ta ci gaba da wakenta.

A yankinmu baƙo ba ya barin gida bai sha kindirmo ba, kuma na Baba Zlatka har a cikin gari ana labarinsa, wai cokali yakan tsaya cak a cikinsa. Ta kawo masa a kwanon ƙasa. Ya kai cokali ɗaya baki, ya ji shi tsululu, mai zaƙi-zaƙi, irin na roba da ake sayarwa a kanti. Ya shanye ya yi godiya.

Sufeto ya tarar da Lyuben a shagonsa na gyaran famfo a ƙasan ƙauye, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kana ina jiya da rana?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ban motsa ba."

"Takalmin ruwan da ke bayan ƙofa fa? Har yanzu taɓon kogi bai bushe a jikinsa ba."

Lyuben ya yi ajiyar zuciya. "Kamun kifi na je. Na rantse wa Rumyana na daina, shi ya sa da ta tambaye ni na kasa faɗa. Don Allah kar ka gaya mata."

"Wato ka gwammace a ce maka ɓarawo da a ce maka masunci."

"Ba ka san Rumyana ba, Sufeto."

"To, yi mini bayanin hitar nan yadda zan gane."

Fuskar Lyuben ta ɗan saki, an zo inda ya fi ƙarfi. "Ai firji ce da aka juya. Tana zuƙe ɗumin iskar ɗaki ta zuba shi cikin ruwa. Shi ya sa ba ta shan wuta. Ruwa ya yi zafi, ɗakin kuma ya yi sanyi ƙalau, ya bushe."

"Ka gaya wa surukarka haka kafin ka haɗa?"

"Me ya haɗa tsohuwa da wannan? Ita dai ta buɗe famfo ta ga ruwan zafi."

Daga nan Sufeto ya ƙwanƙwasa ƙofar Stanka, maƙwabciyar su Anastas, wadda labulen tagarta ya riga ya lotsa ta gefe ɗaya saboda leƙe.

"Ni ban ga komai ba, Sufeto. Ba na shiga abin da ba ruwana."

"Haka aka gaya mini, wai idonki ya yi rauni."

"Wa ya ce? Idon da ya ga Zlatka tana jidar itace zuwa ɗakin nan tun shekaranjiya? Idon da ya ga tana ɓoye robobin kindirmon kanti a ƙasan shara? Ita da ke ɗaga mana kai da kindirmon uwarta."

"Shekaranjiya kika ce? Hitar tana nan a lokacin."

"Tana nan daram."

"Jiya da rana fa?"

"Jiya na je ganin likitan ido," in ji Stanka, ta rufe ƙofa.

Sufeto ya tsaya a bakin hanya yana sosa ƙeya. Mai sabuwar hita ba ya tara itace, sai in ya san za a sace ta. Sai dai tsohuwa ita kaɗai ba ta iya ɗaga abu mai nauyin ɗan maraƙi.

Ya shiga shagon gahawa don ya huta, ya tarar da dattawan ƙauye sun kewaye wani mutum suna dariya. Mutumin ya sha aski, kumatu na sheƙi, sai ƙamshin sabulu yake.

"Wane ne wannan baƙon?" Sufeto ya tambayi mai shago.

"Mu ma sai da ya yi magana muka gane shi. Todor ne, makiyayi, ƙanen Baba Zlatka. Mutumin da ba ya wanka sai bikin Ista ya zagayo. Ko karensa da safe sai da ya yi masa haushi."

Wani tsoho ya ce, "Todor, aure za ka yi ko mutuwa?"

Sufeto ya ja kujera ya zauna kusa da Todor. "A bukkarka ta kan tudu, da me kake dafa ruwan wanka?"

"A rafi na yi, ranka ya daɗe."

"A wannan sanyin? To, taso mu je ka nuna mini rafin."

Ba su kai rafi ba. A bayan bukkar, cikin ɗakin da Todor yake ajiye cuku, hitar tana tsaye, an haɗa ta da wutar lantarki, tana ɗan gurnani, iska mai sanyi na busawa kan cukun da aka jera. Todor ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Yaya ce ta ce in zo da keken jaki. Ni ban taɓa yi mata musu ba tun muna yara. Kuma Sufeto, tsakani da Allah, cukuna bai taɓa samun ɗaki irin wannan ba. Ruwan zafin ne ya yi ta taruwa, na ga kar ya tafi a banza."

Da la'asar Sufeto ya tara su duka a tsakar gidan Anastas, har da Lyuben, wanda ya raɓe jikin katanga.

"Baba," ya ce, "na fito daga wurin Todor. Ko za ki faɗa da bakinki?"

Baba Zlatka ta ajiye kwanon wake, ta goge hannu da zaninta.

"Ni ce. Ni na riƙe sufana, ni na goge ɗakin."

Anastas ya buɗe baki, ya kasa rufewa.

"A ɗumin ɗakin nan uwata ta kwantar da kindirmo, ni ma a nan nake kwantarwa," in ji ta. "Kullum cokali ɗaya na jiya ake zuba wa madarar yau, haka irin yake tafe tun daga kakata. Tun da abin nan ya shigo, ɗakin ya koma kabari. Na rufa da bargo, na rufa da rigar Anastas, madara ta ƙi kamawa. Iri yana mutuwa a hannuna, ni Zlatka ina sayen na roba ina juyewa a kwanon ƙasa kamar marar uwa."

Sufeto ma sai da abin ya taɓa shi.

Lyuben ya matso. "Mama, me ya hana ki faɗa mini? Da na mayar da ita rumbu, na ja bututu. Aikin yini guda ne."

"In dubi idon surukina in ce kyautarsa ta kashe mini gado? A gidan wa aka taɓa yin haka? Kyauta ba a mayar da ita, ba a kushe ta. Amma ana iya sace ta. Na ce za a yi jimami kwana biyu a manta. Ina na san wannan tsohon zai kira 'yan sanda saboda wanka?"

"Kina ji ana ce wa mijina ɓarawo kika yi shiru, Mama?" in ji Rumyana.

"Na so in yi magana. Sai na ga abin ya yi nisa, kunya ta hana ni. Wannan kam laifina ne."

Rumyana ta juya ga mijinta. "To kai ina ka je jiya?"

Lyuben ya dubi Sufeto. Sufeto ya dubi sama.

"Kifi," in ji Lyuben a hankali.

"Za mu yi maganar a gida," ta ce, ta tura masa akwatin da ƙafa. Lyuben bai taɓa jin barazanar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba.

Sufeto ya gyara hula. "Baba, dole ki biyo ni ofis ki ba da bayani. Kin sa hukuma yawo, kin ɓata sunan mutum. Todor yana mota yana jiranki."

"Ankwa fa?"

"Ba na jin za ki gudu."

"Dakace ni."

Ta shiga ɗan ɗakin, ta fito rungume da wata 'yar tukunya a naɗe cikin bargo. Anastas ya miƙo hannu, ta wuce shi. Rumyana ta miƙo nata, ita ma ta wuce ta. Sai da ta je gaban Lyuben ta tsaya.

"Ragowar irin ke nan, babu wani. Da safe na haɗa shi, bai gama kamawa ba. Kai ne ka san zafi da sanyi a gidan nan. Kar ka girgiza shi, kar iska ta taɓa shi, ɗana."

Ta shiga mota ta zauna a gaba, kusa da Sufeto, don ta ce baya na sa ta jiri. Da suka kai kwana Sufeto ya duba madubi. Lyuben yana tsaye inda aka bar shi, ya cusa tukunyar cikin kwat ɗinsa, ko numfashin kirki ba ya yi, matarsa kuma ta ɗauki akwatinta da kanta.